Zuma a Cikin Randa: Tarihin Tej na Habasha da Yadda Ake Daidaita Zaƙinsa

Gabatarwa

Wata shekara a ƙarshen shekarun 1980, lokacin ina aiki a wata ƙaramar hukuma, an gayyace mu suna a gidan wani mai sana'ar zuma. Bazara ce ta tsala. Domin ya girmama baƙinsa, maigidan ya sa an dama ruwan zuma da citta da kanumfari cikin randa tun kwana biyu kafin ranar sunan. Da aka kawo, liman ne ya fara kurɓa. Ya yi shiru, ya ajiye ƙoƙon, sannan ya ce, "Alhaji, wannan ruwan kwanansa nawa?" Nan take gardama ta kaure a zaure. Wasu suka ce ai zuma ce, zuma kuwa waraka ce. Wasu suka ce zaƙin ya ragu, ga kumfa a sama, ga shi yana cizon harshe. Daga ƙarshe aka kifar da randar a bayan gida. Maigidan ya yi asarar zumarsa, ya kuma kwana da kunya a kan abin da bai yi da niyya ba.

Tun daga ranar tambayoyi biyu suka tsaya mini a rai: ina zaƙin ya tafi, kuma yaushe ne ruwan zuma yake daina zama ruwan zuma? Tsofaffinmu suna da kalmar betso ga abin sha mai bugarwa da ake haɗawa da zuma, amma bai zama wata babbar sana'a a ƙasar Hausa ba. Ɗaya daga cikin al'ummomin da suka daɗe suna nazarin wannan al'amari a nahiyarmu ita ce ta Habasha, inda giyar zuma ta zama abin sha na fada fiye da shekara dubu. Wannan maƙala ba ta koyar da dafa giya, domin hukuncinta a Musulunci sananne ne ga kowa. Manufarta ita ce a duba yadda Habashawa suka koyi sarrafa zaƙin wannan abin sha, da yadda zaƙin ya zama ma'aunin arziki da matsayi a wurinsu, ya kuma zama alamar iyakar halal da haram a wurin Musulmi.

Inda zaƙin yake tafiya

Zuma tsantsa ba ta lalacewa da wuri. Kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinta sukari ne, ruwan da ke cikinta kuwa bai cika wuce kashi 17 ko 18 ba. A irin wannan kauri ƙwayoyin yis, waɗanda ido ba ya gani, ba sa iya aiki, ko da yake suna nan a cikin saƙar, a iska, da kuma jikin tukunya. Da zarar an sirka zumar da ruwa sai su farka. Suna cin sukarin, kusan rabin nauyinsa ya koma barasa, sauran rabin ya fita a matsayin iska, ita ce kumfar da ake gani a saman randa. Louis Pasteur na Faransa ne ya tabbatar, daga shekarar 1857 zuwa gaba, cewa halittu masu rai ne suke yin wannan aiki, amma matan Habasha sun riga shi sanin sakamakon da harshensu.

Saboda haka zaƙi da ƙarfi daga tushe ɗaya suke. Duk abin da ya ƙaru a ƙarfi, daga zaƙin aka ciro shi. Masu lissafin wannan fanni sun ce kimanin giram 17 na sukari a cikin lita guda shi ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Sai dai yis yana da iyaka. Idan barasar ta yi yawa sai ta kashe masa jiki ya daina ci, kuma duk sukarin da ya rage a lokacin shi ne zaƙin da mai sha zai ji. A nan ne dukkan dabarar take.

Tej a fadar sarakuna

Da harshen Amhara ana kiran giyar zuma tej. Mutanen Tigray suna cewa mes, Oromo kuwa suna cewa daadhii. Tsohuwar shaidar da ake da ita a rubuce ta fito ne daga daular Aksum. A ƙarni na 4 Miladiyya Sarki Ezana ya sa an sassaƙa labarin yaƙinsa da ƙabilar Beja a jikin dutse, kuma cikin abincin da aka lissafa cewa an ciyar da waɗanda aka kama har da giyar zuma. Bayan fiye da shekara dubu, wani limamin Kirista ɗan Fotugal, Francisco Alvares, wanda ya zauna a ƙasar daga 1520 zuwa 1526 a zamanin Sarki Lebna Dengel, ya tarar ana shan ta a sansanin sarki. James Bruce na Sikotilan, wanda ya isa Gondar a 1770, shi ma ya ba da labarinta a liyafofin manya.

Abin lura shi ne, na tsawon ƙarnoni tej ba abin shan kowa ba ne. Talaka yana da tella, wato giyar hatsi, kwatankwacin burkutu. Tej na sarki ne da hakimai da manyan malaman coci, kuma a wurare da dama talaka ba ya dafa shi sai da izini. Dalilin ba boyayye ba ne. Zuma tana cikin manyan kayan da ake biyan haraji da su. Manomi ya rataye amyarsa a bishiya, ya sha harbi, amma tulunan zumar gidan ubangidansa suke nufa. A fada akwai ma'aikata na musamman masu kula da ɗakin tej, akwai kuma masu rabawa. Al'adarsu ce mai rabawa ya zuba kaɗan a tafin hannunsa ya sha a gaban ubangidansa, domin a tabbata babu guba. Manya suna sha cikin wata kwalba mai zagayayyen ciki da dogon wuya da ake kira berele, na ƙasa da su kuwa cikin ƙahon sa.

A zamanin Menelik na biyu, wanda ya yi sarauta daga 1889 zuwa 1913, kuma shi ne ya ci Italiya da yaƙi a Adwa a 1896, ana yin wata liyafa da ake kira gibir, inda dubban sojoji da barori suke cin abinci a fada rukuni-rukuni. Wurin zaman mutum da irin tej ɗin da aka miƙa masa su ne suke faɗin matsayinsa. Na kusa da sarki suna samun wanda aka yi da zuma mai yawa aka kuma bar shi ya daɗe, na bakin ƙofa kuwa su sami tsinkakke. Mai karatu da ya san yadda ake raba goro da riguna a fadojinmu ba zai ga wani baƙon abu a nan ba.

Hanyoyin daidaita zaƙi

Kayan haɗin uku ne kawai: zuma, ruwa, da wani tsiro da ake kira gesho. Amma daga waɗannan ukun mace mai hannu takan fitar da abin sha iri-iri, kuma a cikin gidaje mata ne suke wannan aiki.

Hanya ta farko, wadda ta fi kowace tasiri, ita ce yawan ruwan da aka zuba tun farko. Bari mu yi lissafin a fili, domin malaman makaranta za su iya gwada shi da ɗalibansu a allo. Lita guda ta zuma tana da nauyin kimanin kilo 1.4, a ciki kuwa akwai sukari kamar kilo 1.1. Idan aka zuba mata ruwa lita 3, za a sami lita 4, kowace lita da sukari kusan giram 280. Da yis zai cinye wannan duka, da barasar ta kai kashi 16, amma yis ɗin da ke cikin randar gida yakan gaji kafin nan. Tej na yau da kullum yakan tsaya ne tsakanin kashi 7 zuwa 11. Ke nan sukari mai yawa zai rage, abin ya fito da ƙarfi da zaƙi a lokaci guda. Idan kuwa ruwa lita 6 aka zuba wa wannan zumar, kowace lita za ta sami giram 160 ne kacal. Yis zai iya share shi tas, abin ya fito ba zaƙi, kuma tsami ya shige shi da wuri. Wannan lissafi shi ne bambancin tej ɗin hakimi da na baransa. Zaƙin da ya saura bayan giyar ta nuna yana nuna cewa maigida yana da zumar da ta fi ƙarfin yis, wato yana da rarar da zai iya bari ba a cinye ba. A ganina wannan ne ya sa zaƙi ya zama alamar sarauta a can, fiye da wani daɗin baki.

Hanya ta biyu ita ce kwanaki. A kwana biyu ko uku na farko ruwan yana nan da zaƙinsa. Ana kwashe kakin da ya taso sama, domin da saƙarta ake zuba zumar. Wanda aka sha a wannan mataki, ba tare da gesho ba, sunansa berz, za mu dawo kansa. Bayan nan ne ake sa gesho a rufe bakin randa. A wuri mai ɗumi ƙasa da mako guda ya isa, a wuri mai sanyi kuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa uku. Masu sayarwa suna kasa shi uku da harshensu: laslasa shi ne mai laushi da zaƙi, makakalanya matsakaici, derek kuwa ma'anarsa busasshe, wato wanda zaƙinsa ya ƙare. Randa ɗaya tana iya bi ta waɗannan matakai uku ɗaya bayan ɗaya. Uwargida tana ɗanɗanawa kullum, idan ya kai inda take so sai ta tace ta mayar wuri mai sanyi. Ba ta tsayar da aikin yis ba, ta dai rage masa gudu, don haka dole a shanye cikin 'yan kwanaki.

Hanya ta uku ita ce gesho, kuma ita ce ta fi ban sha'awa. Gesho wani ƙaramin itace ne na tsaunukan Habasha, kuma masana tsirrai sun sa shi dangi ɗaya da magarya da kurna. Ana busar da ganyensa da rassansa. Yana da ɗaci, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikin randa. Gesho ba ya rage sukari ko ƙwaya ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya rufe zaƙin a harshe, yadda ɗan tsamiya yake hana kunu ginsar mutum. Idan tej ya yi zaƙi har yana ginsa, sai a bar gesho ya ƙara kwana. Idan aka bar shi ya wuce kima, ɗacin ya danne komai. Haka kuma kafin a zuba komai akan turara randar da hayaƙin itacen zaitun na daji, wanda yake ba da ƙamshi ya kuma tsabtace cikinta, kamar yadda matanmu suke turara tulu.

Akwai hanya ta huɗu, ita ce a ƙara zuma a ƙarshe idan an ga zaƙin ya tafi. Tana gyara ɗanɗano na yini ɗaya ko biyu, amma yis yana nan da rai, sabon abinci kawai aka ba shi. Kafin a ankara zaƙin ya sake tafiya, ƙarfin ya ƙaru. Wanda ya yi haka ya toshe kwalba kuwa, iskar da ke taruwa tana iya fasa ta. Masu dafawa a Turai da Amurka a wannan zamani sukan kashe yis ɗin da zafi, ko su sa wasu sinadarai masu hana shi hayayyafa, kafin su ƙara zumar. Matan Habasha na da ba su da waɗannan, sai dai su ƙara zumar dab da lokacin da baƙi za su zauna.

Ba Habashawa kaɗai suka gano cewa awon ruwa shi ne makama ba. A ƙasar Folan, a Turai, sunayen giyar zumarsu ma daga awon aka samo su: akwai mai zuma ɗaya ruwa uku, mai ruwa biyu, mai ruwa ɗaya, da mai rabin ruwa, wanda ya fi duka zaƙi da tsada, kuma yakan shekara da shekaru kafin a buɗe. A 2008 Tarayyar Turai ta yi wa waɗannan sunaye huɗu rajista a matsayin kayan gargajiya.

Da sukari ya shigo

Takunkumin da ke kan talaka ya fara sassautawa tun ƙarshen zamanin Menelik, lokacin da birnin Adis Ababa, wanda aka kafa a 1886, ya cika da sojoji da 'yan ci-rani. Gidajen sayar da tej, waɗanda ake kira tej bet, suka yawaita, galibi a hannun mata. A zamanin Haile Selassie aka riƙa mayar da haraji zuwa kuɗi, sannan gwamnatin soja da ta hamɓarar da shi a 1974 ta ƙwace filaye daga hannun iyayen ƙasa a 1975. Zuma ta bar rumbun hakimi ta koma kasuwa.

Amma wani abin da ya sauya ɗanɗanon tej shi ne masana'antar sukari ta Wonji, wadda wani kamfanin Holan ya buɗe a 1954. Sukari ya fi zuma araha, kuma yis bai damu da inda abincinsa ya fito ba. Masu sayarwa da yawa suka fara rage zuma suna cike gurbin da sukari, suna kuma sa abin rini domin a sami launin rawaya da aka saba gani. Daga nan zaƙi ya daina zama shaidar arziki, tunda kowa zai iya sayen sa a kanti. Abin da masu sani suka koma nema shi ne ƙamshin fure, wanda sukari ba shi da shi: farar zumar Tigray, ko rawayar zumar da ake samu bayan damina, lokacin da furen adey abeba ya rufe tsaunuka a watan Satumba. Duk da haka Habasha ta daɗe a sahun gaba wajen samar da zuma a Afirka, kuma babban kaso na wadda ake kaiwa kasuwa gidajen tej take tafiya. Kakin da suke kwashewa a saman randa shi ake yi wa coci kyandir da shi, ana kuma fitar da shi waje.

Berz da maganar malaman fiƙihu

Musulmin Habasha, waɗanda tarihinsu ya faro tun hijirar sahabbai zuwa wurin Najjashi a wajajen shekarar 615, suna zaune da maƙwabtansu Kirista, zumarsu ɗaya, randarsu iri ɗaya. Abin shansu a biki da salla shi ne berz, ruwan zuma wanda ba a sa masa gesho ba, ba a kuma bar shi ya kwana da yawa ba. Kiristocin da ba sa shan barasa su ma shi suke sha. Tsakanin berz da tej babu wani abu sai gesho da 'yan kwanaki, don haka uwargida Musulma a can dole ta san randarta fiye da mai dafa giya, domin ita kuskuren yini ɗaya yana mayar mata da halal haram.

Wannan matsala tsohuwa ce a Musulunci. A tsallaken Bahar Maliya, mutanen Yaman suna da giyar zuma da ake kira bit'u. Ya zo a ingantattun hadisai cewa Abu Musa al-Ash'ari, wanda aka aika Yaman, ya yi tambaya a kanta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da amsa da ƙa'ida gamammiya, cewa hukuncin yana rataye ne da bugarwa, ko da me aka yi abin. Sayyadina Umar ma, a wata huɗuba, ya lissafa zuma cikin abubuwa biyar da ake yin giya da su, tare da inabi da dabino da alkama da sha'ir. A ɗaya gefen kuma an ruwaito cewa ana jiƙa wa Manzon Allah dabino ko busasshen inabi a ruwa yana sha. A ruwayar Nana A'isha, a jiƙa da safe ya sha da dare, a jiƙa da dare ya sha da safe. A ruwayar Ibn Abbas kuwa yakan sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar.

Wasu sukan riƙe kwana ukun nan tamkar doka, kuma wannan ita ce hujjar da aka kawo a zauren da na ambata a farko: ai kwana biyu ne kawai. Amma malamai ba su ɗaura hukunci a kan kwana ba, sun ɗaura shi a kan bugarwa, alamunta kuwa su ne kumfa da tafasa ba wuta da canjin ɗanɗano. Kwana yana bin yanayi. Adis Ababa tana bisa tsauni mai tsayin kusan mita 2,400, dare da safe akwai sanyi, berz yana iya kwana uku lafiya lau. A Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu, inda zafi yake kai maki 40, yini ɗaya da kwana ɗaya sun isa yis ya kama aiki.

Akwai kuma maganar mazubi, wadda duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya ci karo da ita. An hana jiƙa irin wannan tsimi a cikin duma da kuma mazubin da aka shafe da kwalta, kuma Malikawa sun ci gaba da ƙin hakan, dalilinsu kuwa shi ne abin yana saurin juyawa a cikinsu ba tare da mai shi ya sani ba. Muna yara mun haddace wannan babi ba mu san hikimarsa ba. Matan Habasha sun san ta ta wata fuskar. Jikin gora da na tukunyar ƙasa yana da ƙananan ƙofofi da yis yake maƙalewa a ciki, wanki ba ya fitar da shi duka. Shi ya sa mai dafa tej take riƙe tsohuwar randarta, wani lokaci ma ta bar ɗan ragowar na baya a gindinta domin sabon ya tashi da wuri. Daga baya na sami labari cewa randar da aka dama ruwan zuman sunan nan a cikinta tsohuwa ce, wadda uwargidan ta shekara tana zuba kunun zaƙi a ciki.